Burodi, Ganga da Albasa: Yadda Adabin Jamusanci Ya Tunkari Laifin Zamanin Hitler

A shekarar 1946 wani saurayi ɗan Hamburg, Wolfgang Borchert, yana kwance ciwon hanta na cinsa, ya rubuta wani gajeren labari da bai wuce shafi uku ba, ya sa masa suna Das Brot, wato Burodi. Wata dattijuwa ce ta farka da ƙarfe biyu da rabi na dare, ta shafa gefen gado ta ji maigidan ba ya nan. Ta lallaɓa cikin duhu har kicin, ta kunna fitila, sai ga shi a tsaye, ƙafa ba takalmi. Idonta ya faɗa kan tebur: ga wuƙa a gefen farantin burodi, ga ɓurɓushi a kan ƙyallen tebur, alhali ba ta taɓa kwanciya ba tare da ta kakkaɓe shi ba. Ya ce mata motsi ya ji, shi ya sa ya fito. Ta ce ita ma ta ji. Suka tsaya suna dube-dube, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa, har suka daidaita a kan cewa indararo ne iska ke kaɗawa. Shekararsu 39 da aure, kuma ƙaryar da ya yi mata ta fi burodin ƙona mata rai. Da suka koma gado sai ta jiyo shi yana tauna a hankali, ta riƙa jan numfashi kamar mai barci don kada ya gane ta ji. Washegari da yamma ta tura masa yanka huɗu maimakon ukun da ya saba samu, ta ce burodin nan ba ya yi mata daɗi a ciki da dare. Ya sunkuyar da kai kan farantinsa. Ita kuma sai da ta jima kafin ta matso ƙarƙashin hasken fitila.

Iyakar labarin ke nan. Ba a ambaci Hitler a cikinsa ba, ba a ambaci yaƙi ba, ko sunayen mutanen biyu ba a faɗa ba. Jimlolin gajeru ne, kalmomin kuma na cikin gida, irin waɗanda ɗan firamare ya sani. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mace ke rufa wa mijinta asiri a lokacin babu zai gane shi ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Amma wanda ya san yadda Jamusanci yake a hannun manyansa, irin su Thomas Mann da jimlarsa ɗaya kan cinye rabin shafi, dole ya tambaya: me ya sa matasan da suka dawo daga fagen daga suka tuɓe wa harshensu ado haka? Amsar wannan tambaya ce ƙofar shiga adabin Jamusanci na bayan 1945, adabin da a ganina jigonsa guda ne duk da yawan rassansa: wa ya yi laifi, wa aka zalunta, kuma da wane baki za a faɗa.

Harshen da kansa ne ya gurɓace. Wanda ya fi kowa bin diddigin haka shi ne Victor Klemperer, farfesan adabin Faransanci a Dresden, Bayahude da aka kora daga aiki a 1935. Matarsa Eva ba Bayahudiya ba ce, wannan ne ya jinkirta tura shi sansanin mutuwa, har ruwan bama-baman da aka yi wa birnin a daren 13 ga Fabrairu 1945 ya ba su damar sulalewa cikin ruɗani. Da aka haramta masa shiga ɗakin karatu sai ya koma nazarin abin da ba mai iya ƙwace masa, wato maganar da ke shiga kunnensa a titi, a jawaban shugabanni, da masana'antar da aka tilasta masa aiki. A 1947 ya fitar da littafinsa LTI, harufan farko na kalmomin Latin masu nufin harshen Daula ta Uku, wato mulkin Hitler. Ya nuna yadda kalmar fanatisch, mai nufin makauniyar riƙo da aƙida, wadda a da zagi ce, ta rikiɗe ta zama yabo. Ya nuna yadda aka ɗauko kalmomin injiniyoyin lantarki aka ɗora wa mutane, kamar a ce an jona ƙungiyoyi da jaridu da makarantu a waya ɗaya. Ya kwatanta kalmomi da ɗan ƙanƙanin dafi da ake haɗiya kullum ba a ji, sai bayan lokaci ya yi aikinsa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne har masu tausaya masa, har Yahudawan da ake gallaza wa, da irin waɗannan kalmomi suke magana. A takardun ofis kuma kisa ya samu sunaye masu laushi: kulawa ta musamman, sauya matsuguni, mafita ta ƙarshe.

To marubucin da ya waiwayo a 1945 ya tarar ba zai iya rubuta kalmar jarumta, ko ƙasa, ko biyayya, ko sadaukarwa ba tare da ya ji muryar Goebbels, ministan farfagandar Hitler, a bayanta ba. Sai suka koma ga abin da hannu ke taɓawa. Mawaƙi Günter Eich, wanda ya yi zaman fursunan yaƙi, yana da wata waƙa da ta zama tambarin zamanin, sunanta Inventur, wato ƙidayar kaya. Ba komai a cikinta sai jerin abin da ya rage masa: hularsa, kwat ɗinsa, kayan aski, gwangwanin da ya zama masa kwano da kofi, ƙusar da ya karta sunansa da ita a jikin gwangwanin, da ɗan guntun fensir. Wannan salo ne aka yi wa laƙabi da adabin ɓaraguzai. Da farko gori ne, amma Heinrich Böll ya karɓi sunan da hannu biyu a wata maƙala ta 1952, ya ce ai cikin ɓaraguzai suka tarar da mutanen da suke rubutu a kansu.

Kafin nan kuma an riga an yanke igiyar da ta haɗa su da magabata. Ranar 10 ga Mayu 1933 ɗaliban jami'a suka tara littattafai kimanin 20,000 a wani dandali na Berlin suka cinna musu wuta, marubuci Erich Kästner na tsaye cikin taron yana kallon nasa suna ci. A dandalin yau akwai gilashi a ƙasa, in ka leƙa sai ka hango ɗaki fari da kantoci babu littafi ko ɗaya. Kusa da shi an rubuta maganar Heinrich Heine cewa inda aka ƙona littattafai, a ƙarshe mutane za a ƙona. Da yawa ba su san asalin maganar ba: daga wasan kwaikwayonsa Almansor take, wanda aka buga a 1823, kuma wani Musulmi ne ke faɗarta a kan ƙona Alƙur'ani da aka yi a Granada bayan faɗuwar Andalus. Bayan wutar 1933 manyan marubuta suka watse a duniya. Brecht ya bi ta Denmark har Amurka, Anna Seghers ta faɗa Meziko, Stefan Zweig ya kashe kansa a Brazil a 1942. Da aka roƙi Thomas Mann ya dawo gida a 1945, sai ya amsa da cewa littattafan da aka buga a Jamus daga 1933 zuwa 1945 warin jini da abin kunya suke yi. Waɗanda suka zauna suka mayar masa da cewa shi daga nesa ya yi kallo, su ne suka sha wuya. Matasan da suka dawo daga yaƙi ba su yarda da kowane ɓangare ba, suka kafa nasu zauren a 1947 ƙarƙashin Hans Werner Richter, aka san shi da Gruppe 47. Tsarinsu mai tsauri ne: marubuci ya zauna a kujera ya karanta aikinsa, 'yan'uwansa su yi masa kaca-kaca nan take, shi kuma ba shi da izinin kare kansa.

Ina ƙaunar wannan adabi na ɓaraguzai, kuma saboda ina ƙaunarsa ne nake ganin dole a faɗi inda ya gaza. Mu ɗauki wasan Borchert da ya yi suna, Draußen vor der Tür, wato A Waje Bakin Ƙofa, wanda aka fara sa wa a rediyo a Fabrairun 1947, aka kuma nuna shi a dandamali a Hamburg ranar 21 ga Nuwamba, kwana ɗaya bayan rasuwar marubucin yana da shekara 26. Kofur Beckmann ya dawo daga Sibiriya da gurguwar gwiwa da wani mummunan tabarau na soja, ya tarar wani namiji a gadonsa. Ya faɗa kogin Elbe, kogin ya tofo shi waje. Ya je gidan tsohon kanar ɗinsa ana cin abincin dare, ya ce ya zo ya mayar masa da amanar da ya ɗora masa: an ba shi mutum 20 ya je sintiri, 11 ba su dawo ba, kuma tun daga ranar matansu da 'ya'yansu ke hana shi barci. Kanar ya tuntsire da dariya. Wannan fage ne da ba a mantawa, kuma dubban tsofaffin sojoji sun ga kansu a cikinsa. Borchert ba ɗan Nazi ba ne, har kurkuku suka jefa shi saboda bakinsa. Sai dai a lura da waɗanda Beckmann ke ƙirgawa. Mutum 11 ɗin Jamusawa ne. Ƙauyukan Rasha da rundunarsa ta ratsa ba su shiga lissafi ba. Yahudawa kuma a gefen zance kawai suka fito, lokacin da wata mata da ta gaje gidan iyayensa ke ba shi labarin cewa tsohonsa ya cika zafin ƙin Yahudawa, shi ya sa aka kore shi daga aiki bayan yaƙi, shi da tsohuwar suka buɗe iskar gas ta girki suka kashe kansu. Matar har tana ƙorafin asarar gas ɗin da zai isa girkin wata guda. Shekara biyu bayan an buɗe ƙofofin Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka riƙa kashe Yahudawa da iskar gas, a wasan da ya fi kowane karɓuwa, waɗanda gas ya kashe Jamusawa biyu ne. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan zubi na farko ya ga yunwarsa da sanyinsa da raunukansa tar da ido, amma tudun da yake tsaye a kai bai dube shi ba.

Böll ya ɗan matsa gaba. A wani gajeren labarinsa na 1950 an ɗauko wani yaro soja da ya ji rauni a makara, ana ratsa barandar wani gini da aka mayar asibiti. Yana ganin hotuna da gumakan da ke bango: sarakunan Prussia, manyan Girka da Rum, da wani hoton Togo mai ayaba, na lokacin da ƙasar ke hannun Jamus. Yana ta musun cewa makarantarsu ce, wadda ya bari wata uku kacal da suka wuce, domin duk makarantu haka ake ƙawata su. Sai da aka shimfiɗe shi a ajin zane ya hango rubutun hannunsa a allo. Baiti ne na tsohuwar Girka da ke yabon sojojin da suka mutu don biyayya, malam ya sa su kwafa, shi kuma ya yi haruffan manya har kalmar Sparta ta yanke a tsakiya. Da aka kwance bandeji sai ya ga ba shi da hannu ko ɗaya, ba shi da ƙafar dama. Abin da ya roƙa a ƙarshe madara ce. A nan Böll ya nuna yatsa ga makaranta da iliminta na alfahari, ya ce su suka yi wa yaran nan shimfiɗa zuwa mahauta. Amma har yanzu yaron Bajamushe ne abin tausayin.

Wanda ya zo da ɗaya muryar ba ɗan Jamus ba ne. An haifi Paul Celan a 1920 a Czernowitz, garin da a lokacin yake Romaniya, yau kuma yake Yukren, a gidan Yahudawa masu jin Jamusanci. Mahaifiyarsa ce ta sa masa son waƙoƙin Jamusanci. A 1942 aka kwashe iyayensa zuwa sansani, uban zazzaɓin taifus ya kashe shi, uwar kuma harbe ta aka yi. Celan ya iya Romaniyanci da Faransanci da Rashanci, a Paris ya zauna tun 1948, amma ya zaɓi yin waƙoƙinsa da harshen mahaifiyarsa, wanda shi ne kuma harshen waɗanda suka kashe ta. A iya sanina babu wani ƙulli a adabin ƙarni na 20 da ya kai wannan tsauri.

Waƙarsa Todesfuge, a kan sansanonin mutuwa, an gina ta ne kamar kiɗan coci na Jamus, inda muryoyi ke bin juna suna maimaita jigo ɗaya, ba waƙafi ba aya. Fursunoni ne ke magana da bakin jam'i, suna cewa baƙar madara suke sha safe da rana da dare, suna haƙa kabari a cikin iska, inda ba matsi. Wanda ya san cewa hayaƙi gawarwakin suka zama ba ya bukatar a fassara masa wannan. A gefe guda ga wani mutum a cikin gida, da magariba yana rubuta wa masoyiyarsa wasiƙa zuwa Jamus, sannan ya fito ya yi wa karnukansa fito, ya yi wa Yahudawansa fito, ya ce wasu su haƙa, wasu su yi kiɗa. Sunayen mata biyu ke ta dawowa: Margarete mai gashin zinariya, sunan budurwar da ke cikin wasan Faust na Goethe, babban mawaƙin Jamus, da Sulamith mai gashin toka, daga littafin Yahudawa mai tsarki. Ƙarfin waƙar yana cikin wannan mutum mai wasiƙa. Ba jahili ba ne, ya san kiɗa, ya san soyayya, ya yi karatu. Haka abin yake a zahiri: sansanin Buchenwald a kan tudun da ke kallon Weimar aka gina shi, garin Goethe da Schiller, har aka bar wata bishiya a tsakiyar sansanin ba a sare ba don ana danganta ta da Goethe. Wannan ne ya sa masanin falsafa Adorno ya rubuta, a wata maƙala da ta fito a 1951, cewa rubuta waƙa bayan Auschwitz dabbanci ne, ko da yake daga baya ya sassauta.

A Mayun 1952 aka gayyaci Celan taron Gruppe 47 a Niendorf, bakin tekun arewacin Jamus. Ya zauna a kujerar nan ya rera waƙarsa da jan murya, irin karatun mawaƙan gabashin Turai. Zauren cike yake da tsofaffin sojoji da suka horar da kunnensu a kan busasshiyar magana, sai abin ya zame musu baƙo, wasu suka yi dariya. An ruwaito cewa Richter da kansa ya ce muryar ta tuna masa da Goebbels. A ce wa maraya irin Celan haka! Bai sake halartar taronsu ba duk da gayyatar da aka riƙa aika masa. Wannan rana ta nuna iyakar wankin da matasan suka yi wa harshe: sun wanke shi daga kumbura da kirari, amma kunnensu bai buɗe wa wanda aka yi wa ɓarnar ba. Daga baya waƙar ta shiga littattafan makaranta, ana koya wa yara kyawun tsarinta, wannan ma ya dame shi, sai waƙoƙinsa suka riƙa gajarta suna daskarewa, kalma ɗaya a layi, wani lokaci rabin kalma. A jawabinsa na karɓar lambar yabo a Bremen a 1958 ya ce cikin duk abin da ya salwanta harshe ne kaɗai ya rage, amma sai da ya ratsa ta cikin duhun maganar kisa kafin ya fito. A Afrilun 1970 ya faɗa kogin Seine.

Juyin ya zo a 1959 da littafin Günter Grass, Die Blechtrommel, Gangar Gwangwani. Grass ya watsar da busasshen salon, ya dawo da harshe mai ƙiba da ƙazanta da ban dariya. Mai ba da labarin, Oskar, daga gadon asibitin masu taɓin hankali yake magana. Tun yana ɗan shekara 3 ya yanke shawarar daina girma, ya riƙe gangarsa, da muryar da ke fasa gilashi. Saboda gajartarsa daga ƙarƙashin tebur yake kallon manya, kuma abin da ya gani a garinsu Danzig ya rushe tatsuniyar da Jamusawa suka fi so a lokacin, cewa wasu 'yan tsirarun aljanu ne suka sauko suka yaudari mutanen kirki. A wurin Grass ɗan Nazi shi ne uban Oskar, mai kantin unguwa, gwanin miya, wanda ya sayi kakin jam'iyya kaɗan-kaɗan, yau hula gobe wando, ya sauke hoton Beethoven daga inda yake ya rataya na Hitler. Ranar da sojojin Rasha suka shigo ɗakin ƙasa da suke ɓoye, Oskar ya miƙa wa wannan uba nasa bajen jam'iyya da ya yar, allurar a buɗe. Don tsoro ya jefa a baki ya haɗiye, ta maƙale masa a wuya, soja ya harbe shi. Yaron ma ba wankakke ba ne, kuma ya sani. Akwai kuma Sigismund Markus, Bayahude mai kantin kayan wasan yara da ke sayar wa Oskar ganguna, wanda aka tarar ya mutu a kujerarsa ranar da aka farfasa shagunan Yahudawa a Nuwamban 1938. Littafin ya ɓata wa mutane rai har gwamnatin Bremen ta hana shi lambar yabon da alƙalai suka riga suka zaɓe shi.

Babin da ya fi zauna mini a rai shi ne na gidan rawar da ke Düsseldorf bayan yaƙi, mai suna ɗakin albasa. Ba a sayar da abinci, ba a sayar da giya. Masu kuɗi ne ke biya da tsada, a raba musu katako da wuƙa da albasa ɗaiɗai, su yanka, hawaye su zubo, sannan bakinsu ya buɗe su fara faɗin abin da ke cinsu. Ƙasa ce da arziki ya dawo mata cikin shekara goma, shaguna suka cika, amma idonta ya bushe. Shekara takwas bayan fitowar littafin wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Alexander da Margarete Mitscherlich, suka rubuta littafi sukutum a kan wannan kasa yin makoki. Grass ya riga su da albasa guda.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Disamban 1963 aka fara shari'ar ma'aikatan Auschwitz 22 a Frankfurt, bisa naciyar babban mai gabatar da ƙara Fritz Bauer. Peter Weiss ya zauna a kotun ya saurara, ya tace bayanan ya mayar da su wasan kwaikwayo, Die Ermittlung, wato Bincike, aka buɗe shi rana ɗaya, 19 ga Oktoba 1965, a dandamali da dama na Jamus ta Yamma da ta Gabas. Waɗanda ake tuhuma da sunayensu na gaskiya suka fito, shaidu kuwa lamba kawai aka ba su, kamar yadda sansanin ya mayar da su. A 1968 Siegfried Lenz ya kama wata jijiya da littafinsa Deutschstunde, wato Darasin Jamusanci. An ba wani yaro a gidan gyaran hali jinga ya rubuta a kan daɗin sauke nauyin aiki, ya miƙa takarda fara fat, domin abin faɗar ya yi masa yawa. Ubansa ɗan sandan ƙauye ne da aka umarta ya hana wani mai zane yin zane, kuma mai zanen abokinsa ne na yarinta da ya taɓa ceto shi daga ruwa. Uban ya bi umarni sau da ƙafa, har bayan gwamnatin da ta ba da umarnin ta faɗi bai daina ba. Ni dai umarni aka ba ni: wannan ce jimlar da waɗanda ake tuhuma a Frankfurt suka riƙa fakewa da ita, Lenz ya shigo da ita cikin gida ya zaunar da ita a teburin cin abinci. Sai dai shi ma tarihi ya yi masa gyara. Mai zanen da ya ɗauka a matsayin samfuri, Emil Nolde, an hana shi aiki da gaske a 1941, amma bincike ya tabbatar ɗan jam'iyyar Nazi ne mai tsananin ƙin Yahudawa, har Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ta sa aka sauke zanensa daga ofishinta a 2019.

Jamus ta Gabas ta ce ita magajiyar masu adawa da Hitler ce, laifi na Yamma ne. Christa Wolf ta ƙi wannan sauƙin a littafinta Kindheitsmuster na 1976, inda ta koma yarintarta ta tarar da yarinya mai son Hitler da zuciya ɗaya, har ta kasa ce mata ni, sai dai ita. Ostiriya kuma ta daɗe tana kiran kanta ƙasar farko da Hitler ya zalunta, sai Thomas Bernhard ya tsokane mata ido da wasansa Heldenplatz a 1988, sunan dandalin Vienna da dubban mutane suka yi wa Hitler shewa shekara 50 kafin nan.

Sai kuma Agustan 2006. Grass, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1999, wanda ya shafe shekaru yana yi wa ƙasarsa faɗa, wanda ya soki ziyarar da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Kohl da shugaban Amurka Reagan suka kai maƙabartar Bitburg a 1985 saboda akwai kaburburan sojojin Waffen-SS, rundunar jam'iyyar Nazi, a cikinta, ya fito ya ce shi ma yana ɗan shekara 17 a wannan runduna aka sa shi, a watannin ƙarshe na yaƙi. Shekara 60 yana riƙe da maganar. Littafin da ya faɗe ta a ciki sunansa Ɓare Albasa. Mutane da yawa sun ce ya zubar da girmansa, har aka yi kiran ya mayar da lambobin yabonsa. Ni ban ga laifin yaro ɗan shekara 17 da aka raina da farfaganda tun yana ɗan shekara 6 ya kai na dattijon da ya yi shiru ba, kuma shirun ya yi mini ciwo. Amma da na sake duba Oskar bayan wannan, sai na fahimci daga ina Grass ya san yadda ake ba da labari ana kewaye wani wuri, ana cewa ni a wannan layi, a koma cewa Oskar a layi na gaba. Littafin ya riga marubucinsa yin iƙirari da shekara 47.

Akwai ɓawon da ya fi wannan daɗewa ba a taɓa ba, kuma ya shafe mu. Hoton Togo da yaron Böll ya wuce a barandar makaranta ba ado ba ne kawai. Daga 1884 har Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamus ta mulki Togo da Kamaru, inda Hausawa da yawa ke zaune suna fatauci, ta kuma mulki ƙasar da yau ake kira Namibiya, inda daga 1904 zuwa 1908 sojojinta suka yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi, suka kora su cikin hamada, suka tsare waɗanda suka rage a sansanoni. Manyan marubutan da suka yi ta tonon zamanin Hitler ba su waiwayi wannan ba. Sai a 1978 Uwe Timm ya fitar da Morenga, mai ɗauke da sunan wani jagoran gwagwarmayar, inda ya haɗa ƙagaggen labari da takardun sojojin mulkin mallaka, kuma gwamnatin Jamus ba ta amsa sunan abin da bakinta a hukumance ba sai a Mayun 2021. A tsakanin nan wata murya ta taso daga cikin gida. May Ayim, wadda aka haifa a Hamburg a 1960, uba ɗan Ghana uwa Bajamushiya, ta yi waƙoƙi da Jamusanci a kan yadda ake yaba mata iya harshen da aka haife ta a cikinsa, ana tambayarta yaushe za ta koma gida. Ta rasu a 1996 tana da shekara 36. A 2010 aka sa sunanta a wani titi na bakin kogi a unguwar Kreuzberg ta Berlin. Kafin nan titin na ɗauke ne da sunan Otto Friedrich von der Groeben, wanda a 1683 ya kafa wa masarautar Brandenburg sansani a gaɓar tekun Ghana, sansanin da daga baya aka riƙa loda bayi daga cikinsa.